Masu Gida, Kada Mu Kori Kanmu Daga Gida



Duk wanda ke aiki a Sharada, Challawa ko Bompai ya san kamannin safiyar Litinin idan an ci Kano Pillars a gida ranar Lahadi. Tun daga teburin mai shayi ake fara shari'a, kafin a buɗe get. Wani ya ce mai tsaron gida ne ya sayar da wasa. Wani ya ce kociya bai san canji ba. Wani ya rantse cewa alƙalin wasa ya karɓi na goro. Akwai kuma wanda zai ce shi da Pillars har abada, alhali kowa ya san ranar wasa na gaba shi ne farkon shiga layin tikiti. Mu ma muna cikin masu wannan surutu. Da yawanmu, da an tashi daga sujada ranar Lahadi, abinci kawai muke ci mu nufi Ƙofar Mata, kuma idan aka ci mu, da fushin muke kwana, da shi muke shiga aiki.

Abin da muke so mu yi magana a kai yau shi ne wannan fushin: daga ina yake, kuma ina ya kamata mu kai shi. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, muna da dalilin jin zafi, amma yadda wasunmu ke huce zafin ya fi kowace ƙungiyar baƙi cutar da Pillars. Sau biyu cikin 'yan shekarun nan, da hannunmu muka sa aka kori Masu Gida daga gidansu.

Dalilin da ya sa abin ke da zafi

Kada wani ya ce mana ai wasa ne kawai. Mutumin da ya yi kwana shida yana tsaye a gaban injin narka roba a Sharada, ko yana shaƙar warin fata a majemun Challawa, ko yana lodin katan a Bompai, ba shi da abubuwan nishaɗi masu yawa. Ya cire kuɗin mota da na tikiti daga albashin da dama ba ya kai shi ƙarshen wata. Minti casa'in ɗin nan su ne lokacin da babu oga a kansa, babu ƙarar inji, kuma wanda ke zaune kusa da shi ba ya tambayarsa daga wace jiha ya zo ko wane addini yake bi. Idan aka ce “Sai Masu Gida”, Bahaushen Fagge da Inyamurin Sabon Gari da ɗan Kudancin Kaduna da ke haya a Brigade baki ɗaya suke amsawa. Wuraren da ke haɗa mutanen Kano haka ba su da yawa, shi ya sa rashin nasara a filin Sani Abacha ke taɓa mu fiye da rashin nasarar kowace ƙungiyar Ingila da muke kallo a gidan kallon ƙwallo.

Kuma ƙungiyar ta saba mana da daɗi. An kafa ta a 1990. Ta ɗauki kofin gasar Firimiyar Najeriya a 2008, sannan ta jera shi sau uku a 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai har zagayen kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A 2019 ta ci kofin ƙalubale a Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. A nan Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai, a nan Rabi'u Ali, wanda muke kira Pele, ya kwashe shekaru yana ɗaga mu daga kujera. Wanda ya ga waɗannan kwanaki, dole ya ji ciwo in ya ga baƙo ya zo ya kwashe maki uku ya tafi.

Abin da shekara goma sha biyu ta koya mana

Akwai wani tarihi da muke yawan tinƙaho da shi. Daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015, babu ƙungiyar da ta zo Kano ta ci Pillars a wasan gasa. Nasarawa United ce ta karya wannan tarihi da ci 2 da 1. Shekara goma sha biyu ke nan. Yaron da aka kai firamare lokacin da aka fara, ya gama sakandare kafin ya ga an ci ƙungiyarsa a gida.

Abin alfahari ne, amma ya bar mana wata mummunar ɗabi'a. Mun daina ɗaukar cin wasa a gida a matsayin abin da ake nema da gumi, mun mai da shi tamkar albashi, abin da dole a biya mu ƙarshen mako. Idan ba a biya ba, to wani ne ya sace. Daga nan ne kowane canjaras ya zama cin amana, kowane busa na alƙalin wasa ya zama maƙarƙashiya.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya kuma. An daɗe ana kuka da gasar Najeriya cewa cin wasa a waje yana da matuƙar wuya, kuma ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne tsoron da alƙalan wasa ke ji na 'yan kallon masu masauki. Idan Pillars ta je Aba ko Ibadan ko Jos muka ga kamar an danne ta, mu ne kan gaba wajen kuka. To in haka ne, me muke nema a Kano: alƙalin da zai yi adalci, ko wanda zai ji tsoronmu? Nasarar da aka samu don alƙali yana tunanin yadda zai fita daga fili da ransa, ba ta da ɗanɗano, kuma ba ta shirya ƙungiya ta fuskanci kowa a wajen ƙasa.

Sau biyu muna ƙona rumbunmu

A watan Afrilu na 2022, Pillars ta dawo wasa a Kano bayan dogon lokaci tana karɓar baƙi a Kaduna. Kowa yana murna, fili ya cika. Wasa ne da Katsina United, maƙwabtanmu. Ana dab da tashi babu wanda ya ci wani, sai 'yan kallo suka kutsa cikin fili, wasa ya tsaya, aka farfasa motar baƙin. Hukumar gasar ta ci tarar Pillars naira miliyan 9, ta cire mata maki, ta mai da wasanninta na gida zuwa Abuja. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗa gasar 'yan dagaji. Katsina United ma ta faɗi tare da ita. Sai a 2023 aka dawo.

Da mun ɗauka an koyi darasi. Amma ranar 12 ga Oktoba 2025, a wasa da Shooting Stars ta Ibadan, Pillars na gaba da ci ɗaya har zuwa ƙarin lokaci, baƙi suka farke, aka tashi 1 da 1. Nan ma aka faɗa fili, aka kai wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi hari. Hukuncin ya fito: cire maki uku da ƙwallaye uku, tarar naira miliyan 9 da rabi, rufe filin Sani Abacha, da komawa Katsina don buga wasannin gida. Ahmed Musa, wanda a lokacin shi ne babban manajan ƙungiyar, ya fito ya ba da haƙuri a bainar jama'a saboda abin da wasunmu suka aikata.

Ku lura da abu ɗaya, 'yan'uwa. A duka ranakun biyu ba a ci Pillars ba. Na farko babu ci, na biyu kunnen doki. Wato a wasan Shooting Stars muna da maki ɗaya a hannu, fushi ya sa muka biya uku. Ko ɗan firamare ya san wannan ciniki asara ne. Hausawa na cewa wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu kam mun ƙona sau biyu, har yanzu ba mu ga mai sayen tokar ba.

Kuma wa ya biya? Wanda ya jefa dutsen ya koma gida ya kwanta. Mai sayar da ruwan leda da mai tsire da mai gyaɗa da ke jiran ranar wasa a Ƙofar Mata, su ne suka rasa kasuwa. Mai Adaidaita Sahu ya rasa fasinja. Leburan da zai shiga aiki ƙarfe bakwai na safiyar Litinin ba zai iya zuwa Katsina ya dawo cikin dare ba, balle Abuja, don haka an raba shi da abin da yake jira duk mako. Tarar kuma, tunda ƙungiyar mallakar gwamnatin jihar Kano ce, daga aljihun jama'a za ta fito, har da harajin da ake cirewa a albashinmu.

Ba a Kano kaɗai ba

Kada mu ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai, ko na talakawa ne kawai. A ƙasar Kanada wasan da suka fi so shi ne ƙwallon gora da ake bugawa a kan ƙanƙara. Ranar 15 ga Yuni 2011, ƙungiyar birnin Vancouver mai suna Canucks ta buga wasan ƙarshe na neman kofin Stanley a gidanta, kofin da ba ta taɓa ɗauka ba. Baƙi daga Boston ta Amurka suka ci ta 4 da nema. A daren nan magoya baya suka kifar da motoci suka cinna masu wuta, aka fasa shaguna aka kwashi kaya, mutane fiye da ɗari suka ji rauni. Birninsu ne, shagunan maƙwabtansu ne. 'Yan wasan Boston kuwa sun ɗauki kofinsu sun hau jirgi. Daga baya an bi hotuna da bidiyon da mutane suka ɗauka da waya, aka gurfanar da ɗaruruwa a gaban kotu.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne washegari. Da gari ya waye, mutanen birnin da dama suka fito da tsintsiya da buhunan shara, ba wanda ya biya su, suka share titunan. A kan katakon da aka rufe tagogin da aka fasa, suka riƙa rubuta kalmomin ban haƙuri. Su ma magoya bayan ƙungiyar ne, su ma an ci su a gida, zafin iri ɗaya ne. Amma sun nuna cewa masu fasa kaya ba su ne ke magana da yawun kowa ba. Mu a Kano, masu zuwa fili su koma gida lafiya sun fi masu jifa yawa nesa ba kusa ba. Matsalarmu ita ce mun yi shiru mun bar 'yan tsiraru su zama fuskarmu.

Mun san zafin a ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba

Idan akwai waɗanda ya kamata su fahimci ɗan wasan da aka ci a gida, to mu ne ma'aikatan kamfani. Wa a cikinmu bai taɓa gani ba? An ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, dizal ya ƙare a janareta, ko wani ƙarfe da aka daɗe ana cewa a canja ya karye. Kaya ba su fita yadda aka tsara ba. Wa ake yi wa tsawa? Wanda ke tsaye a gaban injin. Shi ne ake gani, shi ne mafi sauƙin kamawa, ko da yake matsalar ta fara ne daga inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Mun san yadda mutum ke haɗiye wannan ya koma gida. Mun kuma san gine-ginen da ke tsaye a rufe a Bompai da Sharada, masaƙun da iyayen wasunmu suka yi aiki a ciki. Ba lalacin ma'aikata ne ya rufe su ba.

To ɗan wasa ma ma'aikaci ne. Yawancinsu samari ne sa'anninmu, masu ciyar da iyaye da ƙanne, kuma rauni ɗaya a gwiwa na iya kawo ƙarshen sana'arsu. Suna yawo a mota daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan. A watan Maris na 2015, 'yan bindiga sun tare motar Pillars a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyar zuwa Owerri, aka harbi 'yan wasa biyar. Irin wannan hanya ce suke bi don su sa rigar da muke taƙama da ita. Idan mai tsaron gida ya yi kuskure a minti na casa'in, babu wanda ya kai shi jin zafin abin. Zagin mahaifiyarsa ba zai cire ƙwallon daga raga ba. Mu da muka tsani a huce haushin kaza a kan dami a wurin aiki, bai dace mu zama masu yin haka ranar Lahadi ba.

Haka alƙalin wasa. Yana iya yin kuskure, wani lokaci ma babba. Amma yana da iyali da ke jiran dawowarsa. Baƙi kuma, sunansu baƙi. Kano gari ne da ya yi suna wajen karɓar baƙo tun zamanin fatake, kuma da yawanmu da ke cikin wannan zumunta baƙi muka zo, ko iyayenmu, garin ya ba mu wurin zama da abin yi. Sunan Masu Gida yana da nauyi a wuyan mai ɗauke da shi. Maigidan kirki ba ya jifan wanda ya shigo gidansa, ko da baƙon ya fi shi sa'a a ranar.

To mu yi shiru ke nan?

Wani zai ce, wato ku kuna so mu zuba ido ana wasa da hankalinmu? A'a. Haƙuri daban, mutuwar zuciya daban. Mai goyon bayan da ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin tambaya, kuma tunda ƙungiyar ta jama'a ce, tambayar ma wajibi ce. Sai dai a kai ta inda za ta yi aiki.

Mu tambayi shugabanni yadda ake ɗaukar 'yan wasa da masu horarwa, da ko ana biyan haƙƙinsu a kan lokaci. Mu tambayi inda kuɗin tikiti ke tafiya. Mu tambayi me ya sa har yanzu mutum zai iya tsallake shinge ya isa wurin alƙalin wasa, bayan abin da ya faru a 2022. Mu tambayi wane tanadi ake yi wa yaran unguwanni masu buga ƙwallo a filayen makarantu, waɗanda a cikinsu ne wani Rabi'u Ali zai fito. Akwai shirye-shiryen wasanni a gidajen rediyon Kano da ake buɗe layin waya, akwai ƙungiyar magoya baya, akwai Facebook da kowa ke riƙe da shi a hannu. Idan ana zargin alƙali, ƙungiya na da hanyar kai ƙara a rubuce ga hukumar gasa, kuma yanzu kusan kowane wasa akwai bidiyonsa. Wanda abin ya ishe shi ƙwarai, yana iya ƙin zuwa fili, domin kujerar da babu kowa a kai saƙo ce da shugabanni ke ganewa da sauri. Duk waɗannan ba sa jawo a cire maki ko ɗaya.

Akwai kuma abin da ba mu cika son a taɓo ba, wato caca. Wani fushin da muke gani bayan an tashi wasa ba na ƙaunar Pillars ba ne, na takardar cacar da ta mutu ne. Saurayin da ya zuba kuɗin cefanen mako a kan cewa Masu Gida za su ci, idan aka farke a minti na ƙarshe, ba maki biyu yake kuka ba, abincin gidansa yake kuka. Idan mun san haka muke, mu gyara tun daga nan. Mu daina ɗora wa ƙafar wani saurayi nauyin kuɗin hayarmu.

Abin da za mu iya yi tun daga wasa na gaba

Ba mu da iko a kan dubban mutane, amma muna da iko a kan kanmu da abokan da muke tafiya tare. Idan za mu je fili, mu je a ƙungiya, mu zauna wuri ɗaya, mu yi alkawari tun daga gida cewa babu mai jifa, babu mai tsallake shinge. Idan na kusa da mu ya ɗaga dutse ko gorar ruwa, mu riƙe hannunsa mu tuna masa Abuja da Katsina. Sau da yawa kalma ɗaya daga wanda ya sani ta isa ta sauke mutum. Idan muka ga abin na neman ɓaci, mu fitar da yara da ƙannenmu tun da wuri. Idan aka ci mu, mu tsaya mu tafa wa 'yan wasanmu in sun yi ƙoƙari, mu bar baƙi su hau motarsu lafiya.

Sannan mu kula da inda sauran fushin ke sauka. Wani ba ya jifa a fili, amma yana isa gida ya huce a kan matarsa ko ƙaninsa. Wani ya shiga aiki ranar Litinin da zuciya a wuya, ga inji mai haƙora a gabansa, kuma mun san inji ba ya yafe wa wanda hankalinsa ke wani wuri. Yatsa ba ya tsirowa. Kamewa da muke koya wa juna a taronmu na matasa, wurin gwada ta ke nan: lokacin da aka farke mana ƙwallo ana saura daƙiƙa kaɗan a tashi.

Za a sake cin Pillars a gida wata rana, kamar yadda ake cin kowace ƙungiya a duniya. Ranar za mu ji zafi, za mu yi gardama a teburin mai shayi har shayin ya huce, kuma babu laifi a wannan. Abin da muke roƙo shi ne, idan Lahadi ta gaba ta zagayo, a tarar da ƙofar filin Ƙofar Mata a buɗe, mai tsire na wurinsa, mu kuma muna kan kujerunmu.

Ga tambaya da za mu tattauna idan mun haɗu a wannan mako: wane ne ya sha fushinmu na ƙarshe, kuma shi ne ya jawo shi? Idan ba shi ba ne, mu neme shi mu ba shi haƙuri kafin wasa na gaba.

Allah ya ba mu zuciya mai sanyi, ya kiyaye mu a wuraren aikinmu. Sai Masu Gida.